Mayafin wuyan da na saƙa a keke yana naɗewa, yaya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ƙaramin keken saƙa na roba, irin mai zagaye da ake juyawa da hannu, mai allura 48. Ina so in saƙa wa maigidana mayafin wuya kafin hunturu ya kankama, don da asuba yake fita a kan babur. Sau biyu ina gwadawa a shimfiɗe, amma da na cire shi daga keken sai gefe da gefe su naɗe, ya koma kamar igiya, ga ido yana ta zubewa. Keken ne ba shi da kyau, ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yar uwa. Kwantar da hankalinki, kekenki lafiya lau yake. Maganin naɗewar nan a irin kekenki shi ne ki bar saƙa mayafin a shimfiɗe, ki saƙa shi a zagaye, ya fito kamar doguwar ƙafar wando, sannan ki kwantar da shi ki rufe bakinsa biyu. Na daɗe ina saƙa kayan sanyi, ina kuma koya wa mata, kuma kusan duk wadda ta sayi wannan keke da kukan da kika zo da shi take fara zuwa mini.

Ɗauko wanda kika riga kika saƙa ki duba shi da kyau. Fuska ɗaya sumul take, idanun saƙar, wato madaukan zaren, sun jeru kamar ƙananan kitso. Ɗaya fuskar kuma gargada ce. Dalili shi ne kowane ido ta waje ɗaya aka zaro shi, saboda haka jan zaren bai daidaita tsakanin gaba da baya ba. Shi ya sa gefen dama da na hagu suke naɗewa zuwa baya, sama da ƙasa kuma su lanƙwaso gaba. Halin saƙar ke nan, ko da a hannu aka yi ta. Tun keken farko da William Lee ya ƙera a Ingila a 1589 don saƙa safa, duk keken da alluransa jeri ɗaya ne wannan saƙar yake bayarwa, komai tsadarsa. Tururin guga yana kwantar da ita na ɗan lokaci, da an wanke ta koma gidan jiya. To amma abin da aka saƙa a zagaye ba shi da gefen da zai naɗe. Idan kika kwantar da shi ya zama ninki biyu, fuska mai kyau ce a kowane ɓangare, duk ƙulli da bakin zare sun ɓuya a ciki, ga shi ya fi ɗumi.

A jikin keken akwai ɗan makunni mai haruffa biyu, T da P. P na shimfiɗe ne, inda ake juyawa gaba a komo baya. Ki mayar da shi kan T, daga nan kuma waje ɗaya za ki riƙa juya hannun, ba komawa baya, don komawa baya a kan T zubar da ido yake yi.

Kafin ki ɗora zare, ki san abin da keken zai iya ba ki, domin faɗin mayafin yawan allura ne yake yanke shi. Allura 48 na nufin ido 24 a gaba, 24 a baya. A hannuna, da zare matsakaici, hakan yana ba ni faɗin inci 7 zuwa 8, daidai wuyan babban mutum. Kekunan da suka fi yawo su ne Sentro, wanda ake samu mai allura 22, 40 da 48, sai addi na Jamus mai 22 da mai 46. Mai 40 ya fi dacewa da wanda ba ya son abu mai nauyi a wuya, mai 22 kuma siriri yake fitarwa, na yara ne. Ki tuna ninki biyu ne. Ga wanda ke kan babur da asuba, ko mazaunin Jos, daidai ne. Ga wanda zai sa shi da hantsi a Kano, yana iya yi masa yawa, sai a rage kaurin zare.

Zare shi ne rabin aikin. Waɗannan kekunan an yi su ne don zare matsakaici, wanda idan na waje ne za ki ga lamba 4 a jikin takardarsa, lamba 3 ma tana tafiya. Yawancin ulun da ke kasuwanninmu, wanda ake saƙa kayan jarirai da shi, ya yi siriri. Idan kika sa shi silli ɗaya, saƙar za ta fito shara-shara kamar raga, kuma irinta ce ta fi zubar da ido. Ki haɗa silli biyu ki saƙa su tare, amma ki sa ido sosai, saboda allura takan kama ɗaya ta bar ɗaya. Idan kuma zaren ya yi kauri, hannun keken zai yi tauri, ki ji yana ƙara. Nan kada ki sa ƙarfi. Haƙoran da ke ciki na roba ne, idan suka cinye ko allura ta karye, neman madadinta a nan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wani abin da mutane ke rainawa shi ne yadda zaren ke fitowa daga ƙullinsa. Akwai wata ɗalibata da ta yi mako guda tana fama da zubewar ido, har ta yanke shawarar mayar da keken. Da na je gidanta na zauna ina kallo, sai na ga ƙullin ulun yana ƙasa yana ta birgima, ya je ya maƙale a ƙafar kujera, ya fizgo, ya sake sakewa. Duk inda ya fizga, ido ya matse ya hau saman allura. Duk inda ya saki, ido ya yi sako-sako ya faɗi. Muka ɗauko roba mai zurfi muka jefa ƙullin a ciki, ta riƙa warware kamar yadi biyar tana tarawa a cinya kafin ta juya, a zaman nan ta yi zagaye sittin ba ido ɗaya da ya zube. Zaren ya zo wa keke a sake, matsin da ake buƙata kuma ya fito daga 'yar maƙalar zaren da ke gaban keken, mai ramuka, ko daga yatsunki biyu. Ni na fi yarda da yatsuna, don su ne ke gaya mini akwai ƙulli a zare tun bai kai allura ba.

Kada ki fara da zaren mayafin kai tsaye. Ki nemi ragowar wani zare mai santsi, mai launin da ya sha bamban da na mayafin, wanda nake ce wa zaren aro, don aro aka yi shi, za a cire. Ki juya har allurar nan mai launi daban ta zo gaban bakin da ke ciyar da allurai zare, ita ce ta farko. Ki maƙala zaren a ƙugiyarta, ki bar jela ta sauka tsakiyar keken. Daga nan kina juyawa a hankali da hannun dama, hagu yana kai zaren bayan allura ta biyu, gaban ta uku, bayan ta huɗu, haka har ki zagayo. Wannan zagayen farko kaɗai ake yi wa haka. Sai ki saka zaren a bakin da ke ciyar da allurai, ki rufe, ki juya sannu a hankali kina kallon kowace allura ta kama. Zagaye shida zuwa takwas na zaren aro sun isa. Ki tsaya daidai kan allurar farko, ki yanke, ki jefa jelar ciki, ki sa zaren mayafin a daidai wannan gurbin, ki bar masa jela kamar yadi ɗaya, ki mayar da agogon ƙirga zagaye da ke jikin keken kan sifili.

Me ya sa nake matsa wa mutane a kan zaren aro? Saboda farkon saƙa a wannan keke sako-sako yake fitowa, idanu manya-manya marasa tsari. Idan da zaren mayafin kika fara, wannan muni shi zai zama bakin mayafinki, ɗaya bakin kuma ya fito daban. Da zaren aro, idanun zagayen farko na mayafin suna zaune cif, kowanne a buɗe yana jiran kwarashi, bakin biyu kuma su fito iri ɗaya kamar an tsaga kara.

Game da tsawo, kada ki ɗauki lissafin kowa, har da nawa, sai kin gwada zarenki. Ki saƙa zagaye 30, ki cire, ki ja shi ta tsawo sau biyu ko uku, ki ajiye shi ya kwana. A kan keke saƙa a miƙe take ta faɗi, sai an cire ta take tsukewa ta ƙara tsawo, don haka awon da aka yi tana kan allura yaudara ne. Da safe ki sa tef. A ce zagaye 30 ya ba ki inci 6, ke nan zagaye 5 ne a kowane inci. Mayafin babban mutum da zai zagaye wuya ya sauko ƙirji yana son inci 60, wato zagaye 300. Idan kina da ƙaramin sikeli na kicin, ki auna nauyin gwajin ki ninka sau goma, kin san zaren da za ki saya. Ni dai da zare matsakaici nakan tanadi giram 300, kuma ina sayen sa gaba ɗaya rana ɗaya, don launi ɗaya daga rini daban yakan bambanta, kuma a tsakiyar mayafi bambancin ba ya ɓuya.

Yanzu zubewar ido. Alluran kekenki ba irin na babban keken ƙarfe ba ne masu ɗan harshe da ke buɗewa yana rufewa. Ƙugiya ce kawai ta roba. Idan allura ta taso, dole tsohon ido ya zauna ƙasa, ƙugiya ta kamo sabon zare, sannan idan ta nutse tsohon ya tsallake ta kanta. Duk abin da ya sa tsohon ido ya biyo allura sama, ya ɓata wannan tsarin: ko dai ido biyu su taru a allura ɗaya su yi dunƙule, ko a zagaye na gaba ya suɓuce. Shi ya sa a zagaye ashirin na farko, lokacin da saƙar ba ta yi nauyin jan kanta ba, nake sa hannu ta ƙasa ina ɗan janta, ko in maƙala mata 'yan maƙalan shanya a kewaye. Ki kafe keken a tebur mai santsi kada ya riƙa rawa. Ki juya da gudu ɗaya, ba sauri ba tsayawa. Na ga ana ɗaura wa hannun injin huda katako don a yi sauri. Ban ba ki shawarar haka ba, musamman ke da kike koyo, saboda kafin ki ankara ido ya zube ya yi tsani har ƙasa.

Idan ya zube, ba sai kin warware komai ba. Ki tsaya nan take, ki kama idon da kwarashi kafin ya ƙara sauka. Za ki ga zaruruwa a kwance sama da shi kamar matakalar tsani. Ki zaro na ƙasa ta cikin idon, sannan na samansa, ɗaya bayan ɗaya, har ki iso sama ki rataya shi a allurarsa. Ki lura ta fuskar da kike zarowa, ta yadda gyaran zai yi kama da maƙwabtansa.

Akwai kuma abin da hunturu da kansa yake jawowa. Ulun kasuwa yawanci na roba ne, keken ma roba ne, idan iska ta bushe sai gogayyarsu ta tara irin lantarkin nan da ke sa mayafi ya manne a jiki yana ƙyas-ƙyas. Zare ya riƙa manne wa allurai, hannu ya yi nauyi ba gaira ba dalili. Nakan goge keken da tsumma mai ɗan danshi, in ɗan fesa wa ƙullin zaren ruwa kaɗan, abin ya lafa. Ƙura da gashin ulu kuma suna taruwa a ramukan allurai, ki riƙa share su da tsohon buroshin haƙori, idan kin gama ki rufe keken da zane.

Da kin kai zagaye hamsin ko sittin, saƙar za ta taɓa tebur, ta fara murɗewa tana turo idanu sama. Ki sa hannu ki naɗe ta daga ƙasa zuwa sama, ta zama kamar gammo a cikin keken, duk bayan zagaye ashirin ki ƙara naɗi. Idan gammon ya cika wurin, ki ɗora keken a tsakanin kujeru biyu saƙar ta sauka ƙasa.

In kina son launi biyu, koyaushe ki canza a kan allurar farko. Ki yanke tsohon, ki sa sabon a gurbinsa, jela biyu su sauka ciki, ki riƙe su da yatsa ki yi zagaye uku, sannan ki ƙulle su daidai, ba matsi ba sako-sako. A wurin canjin za ki ga ratsin ya ɗan yi tsalle, don saƙar zagaye hawa take kamar dodon koɗi. Idan kin zo kwantar da mayafin, sai ki sa wannan layin ya faɗo a kan lanƙwasar gefe, ba mai ganinsa.

Da agogo ya nuna 300, ki yanke da jelar yadi ɗaya, ki mayar da zaren aro ki yi zagaye shida zuwa takwas, ki yanke shi, ki juya keken ba zare. A zagaye na biyu saƙar za ta sauka da kanta. Ki kama ta da hannu biyu ki ja ta tsawo daga wannan baki zuwa wancan, idanu su zauna.

A nan nake so ki fi natsuwa, don a nan ake gane mayafin da aka yi da kula. Ki shimfiɗa shi a kan gado ko tabarma, ki zaɓi jerin ido ɗaya a gefe, ki bi shi da yatsa tun daga wannan baki har wancan, ki tabbata bai karkace ya hau fuska ba, kina maƙala fil duk bayan taƙi ɗaya. Na taɓa saƙa wa mahaifina wani ruwan toka, na rufe bakin biyu ban bi jerin ba, har na ɗaura geza. Da ya rataya shi sai na ga ƙasan yana juyawa kamar an murɗe wanki. Dole na kwance geza arba'in da takwas da baki guda na sake, kuma tun daga ranar ban ƙara rufe baki ban bi jeri da yatsa ba.

Rufewar kanta da kwarashi ake yi, mai kaurin milimita 4 ko 5. Ki buɗe bakin ki leƙa ta ciki, za ki ga idanun zagayen ƙarshe na zaren mayafi sun fito sarai a jikin zaren aro, amfanin bambancin launin ke nan. Ki fara daga kusurwar da ke nesa da jelar zaren. Ki ɗauki ido ɗaya, ki ɗauki na gefensa ki zaro ta cikin na farko. Daga nan ɗaya daga gaba, ɗaya daga baya, kowanne kina zaro shi ta cikin wanda ke kan kwarashi, kamar kina kitsa su. Ki riƙa ƙirgawa da baki har 48. Idan kika ƙare a 47, akwai wanda ya ɓuya, galibi a kusurwa, ki nemo shi kafin ki taɓa zaren aro, in ba haka ba ranar wankin farko zai zube. A ido na ƙarshe ki zaro jelar ta ciki ki ja, ki sa ta a babbar allura ki tura cikin mayafin. Sai ki warware zaren aro. Na bakin ƙarshe da ja ɗaya yake tafiya. Na bakin farko yana da taurin kai, sai kin zare zagayen farkonsa ido-ido da allura kafin sauran ya biyo. Kada ki kai almakashi kusa da zaren mayafin.

Geza ado ce, kuma tana ƙara wa baki nauyi ya kwanta. Ki naɗa zare a jikin kwali mai faɗin inci 6, ki yanke gefe ɗaya, ki riƙa ɗaukar silli uku kina ninkawa biyu, ki zaro kan ta bakin mayafin da kwarashi, ki zura jelar a ciki ki ja. Na yara kuma akan tsuke bakin kamar bakin jaka a ɗaura tuntu.

Amma tunda kin ce maigida a kan babur yake fita, ga shawarata ta gaskiya: kada ki yi masa mai jela da geza. Duk mun san yadda hijabi ko gyale ke shiga ƙafar babur, kuma abin da ke naɗe a wuya ya fi su haɗari. Ki saƙa masa inci 50 zuwa 55, ki rufe bakin biyu kamar yadda na faɗa amma ki bar jelar a waje, sannan ki haɗa su ki ɗinke da jelar da kika bari, ya zama zobe. Zai zura kai ya ninka shi biyu, ya rufe wuya, in ƙura ta taso ya ja shi har hanci, ba abin da ke lilo a baya. Ɗinkin ya zauna a ƙeya. Idan ya nace sai dogo, to ya riƙa cusa jelar cikin riga. Jariri da yaron da bai yi wayo ba kuwa ba a sa musu mayafin wuya, hula da rigar sanyi sun wadatar.

Ga masu babban keken ƙarfe irin Brother ko Silver Reed, wanda mata da yawa ke saƙa kayan jarirai da shi, wannan dabarar tana yiwuwa idan keken yana da gado na biyu, wato jerin allurai na biyu, a gaba. Ana saita abin da ake turawa a kan gadon baya ya saƙa in an tura shi waje ɗaya ya wuce kawai in an dawo, na gadon gaba kuma akasin haka, sai zare ya riƙa zagayawa. Agogo zai ƙirga biyu a kowane zagaye ɗaya, don haka a ninka lissafi. Irin wannan keke mai allura 200, da tazarar milimita 4.5 tsakaninsu, shi ne ke son siririn ulun kasuwarmu, kuma allura 60 a kowane gado tana ba da kusan inci 8. A gwada a ga ko idanun gado biyun girmansu ɗaya, don sau da yawa sai an bambanta lambar matsin zaren kafin su daidaita, a kuma riƙa matsar da nauyin da ake rataya wa saƙar sama musamman a gefuna. Wadda ba ta da gado na biyu sai ta saƙa a allura 120, ta ninka biyu ta ɗinke gefen da hannu.

Wanki da hannu ne, a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan. Kada ki murɗe shi, ki naɗe shi a tawul ki danna, ki shanya shi a kwance a inuwa, don idan kika rataya shi a igiya da ruwa a jikinsa nauyinsa zai ja shi ya yi tsawo ya tsuke. Dutsen guga kada ya taɓa ulun roba, yana kashe shi ya yi laƙwas, ya riƙa ƙyalli, kuma ba ya dawowa. In kina son lanƙwasar gefe ta kwanta, ki ɗora zane mai danshi, ki riƙe dutsen sama da shi kaɗan tururi ya shiga, ki daddanna da tafin hannu ki bar shi ya huce a wurin.

Waɗancan biyun da suka naɗe miki kada ki yar. Ki warware su, ki naɗe zaren a bayan kujera ya zama dogon ƙulli, ki ɗaure shi wuri huɗu, ki jiƙa, ki rataya ya bushe, lanƙwasar za ta miƙe. Da shi za ki yi gwajin zagaye 30 ɗin. Allah ya sa albarka, ya kuma tsare maigida a hanya.